Ɗamarar Littafin Hotaru

Littafina ba shi da ɗamara. Wannan ita ce damuwata a duniya. Na san akwai masu damuwar da ta fi ta nauyi, amma tawa ce, ni na san yadda take zama mini a ƙirji.

Sunana Nukata. Na haura hamsin, ina aiki a wani kamfanin yin murfin kwalba a gabashin Osaka, kuma ina tara littattafan da aka rubuta a kan tsofaffin na'urorin gem, irin waɗanda ake jona wa talabijin a soka musu kaset lokacin muna yara. A lura, littattafan nake tarawa, ba na'urorin ba. Ni ba na wasan. Yatsuna ba su taɓa jituwa da juna ba. In na ce wa ɗan mutumin da ke allo ya yi tsalle, sai ya tsaya ya yi nazari, sannan ya faɗa ramin a natse. A littafi kuwa ban taɓa mutuwa ba. Matata Chizuru ta ce ni kamar mutumin da ke tara takardun jerin abinci ne, bai taɓa shiga gidan abincin ya zauna ba. Ban musa mata ba. Na dai ce mata takardar jerin abinci ba ta ɓata ciki.

A cikin duk abin da ke kan kantata, wanda na fi ji da shi littafin Hotaru ne. A zamanin da kowa ke ƙera na'urar gem, wani kamfanin keken ɗinki a garin Sakai ya ga ana ta kwasar kuɗin yara ba da shi ba, sai ya ƙera tasa, ya sa mata suna Hotaru, sunan ƙwaron nan mai walƙiya a bakin rafi, saboda wata 'yar koriyar fitila da ke goshinta. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya koma kan keken ɗinkinsa shiru, kamar wanda ya yi tuntuɓe a titi ya duba ko an gan shi. Ban taɓa ganin Hotaru a kunne ba, ban kuma haɗu da wanda ya gani ba. Abin da ta bari a duniya shi ne littafi guda mai kauri: bayanin kowane kaset, hotunan allo da suka soma komawa ruwan ƙasa, taswirorin da wani ya zauna ya zana da hannu, da hoton cikin na'urar an buɗe ta kamar kifi a faranti.

Akwai wani wasa a tsakiyar littafin, na mai kwalekwale da ke raba fitilu gida gida a wani gari da ruwa ya ci. Na san garin nan fiye da unguwarmu. Da safe a jirgin ƙasa, in an matse ni har ƙafata ɗaya ta daina taɓa ƙasa, sai in lumshe ido in ɗauki filafili. In bi ta bayan makarantar da rufinta kaɗai ya rage a sama, in karya kwana wajen hasumiyar agogo, in miƙa wa tsohuwar da ke taga fitilarta. Littafin bai faɗi irin kiɗan wasan ba, don haka na sa masa nawa. Sau da yawa tashar da zan sauka takan wuce ina cikin ruwa.

Amma littafin ba shi da ɗamara.

Kowane littafi a ƙasar nan yakan fito daga maɗaba'a da siririyar takardar nan da ake naɗa wa gindin bangonsa, obi, sunanta ɗaya da ɗamarar kimono. Mai hankali yakan cire ta ya jefa a kwandon shara kafin ya isa gida. Shi ya sa mu marasa hankali muke nemanta ido rufe. A wurinmu littafin da ya rasa ɗamara ya cika shafi amma bai cika mutum ba.

Na san inda ɗamarar tawa take. Tana hannun Kishigami.

Mun haɗu a kasuwar tsofaffin littattafai da ake ci a harabar haikali. Ina tsaye ina nuna wa wani dillali littafin Hotaru, ina ƙoƙarin yin fuskar wanda abin bai dame shi ba, sai wani dogon dattijo mai hular masunta ya leƙo ta kafaɗata.

"Kash," ya ce. "Littafi mai kyau. Ka fito da shi tsirara gaban jama'a, ba ka ji kunya ba?"

Tsohon direban bas ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma tun ranar yake kirana Nukata-kun, kamar wani ɗan makarantar da ya manta kuɗin mota. Ya ce shi ya sami ɗamarar Hotaru a cikin wani littafin koyon tsimin kayan lambu, wata baiwar gida ta mai da ita alamar shafi, tana kwance lafiya lau tsakanin kabeji da kokwamba. Littafin kuwa ya neme shi har gashinsa ya zube, bai samu ba.

Na ce ya sayar mini. Ya ce in sayar masa. Na ce littafi shi ne gida, ɗamara baƙuwa ce, baƙo ne ke zuwa gida. Ya ce ai bai taɓa ganin mai wando ya bi mai tsirara yana roƙo ba. Muka rabu kowa ya ba wa ɗan'uwansa katinsa da hannu biyu, ana rusunawa, ana tsine wa juna a zuci.

Ban tuna wanda ya fara kawo shawarar ba; kowannenmu yana cewa ɗayan ne. Amma tun daga wannan shekarar, duk ranar bikin taurari biyun da aka ce sau ɗaya suke haɗuwa a shekara, lokacin da ake rataya takardun buri a jikin gora a ƙofar shaguna, sai mu haɗu a wani tsohon shagon gahawa a bayan unguwar Nipponbashi. Ni in zo da littafi, shi ya zo da ɗamara a tsakanin kwali biyu, mu sa fararen safar hannu, mu yi wa littafin sutura. Mai shagon, wadda kowa ke kira Mama, takan ture mana kwanon sukari gefe tun kafin mu zauna.

"Ga taurarina sun iso," takan ce. "Sau ɗaya a shekara, kamar na sama. Su dai na sama an ce kyawawa ne."

Bangon littafin hoton dare ne: fili mai duhu, talabijin ɗaya tilo a tsakiyar ciyawa, da na'urar a gabansa da 'yar fitilarta. Ƙasan bangon baƙi ne wuluk, babu komai. Sai an naɗa ɗamarar za ka gane dalili. Kogi ne a jikinta, shuɗi mai duhu, hasken talabijin ya faɗo cikinsa ya tarwatse, ƙwarin nan masu walƙiya suna tashi daga ruwan suna hayewa zuwa cikin ciyawar da ke bango, ɗigo bayan ɗigo, kowane ɗigo ya dace da ɗan'uwansa. Mukan zauna muna kallo. Gahawa ta huce. Daga nan in buɗe babi ɗaya in karanta masa a hankali, yana jingine ido rufe, yana gyara mini inda na yi sauri kamar ya taɓa zuwa garin. In mun gama mu tuɓe wa littafin, kowa ya kama hanyarsa, ya shafe shekara yana jiran ɗayan ya gaji.

Ni dai ban ɓoye wa kaina ba: ɗamarar nake so. Nakan yi mafarkinta. Na taɓa lissafin cewa ya girme ni, zai riga ni barin duniya, na kuma ji kunyar lissafin, amma ban goge shi ba.

Bana, ranar bikin, ruwa ya kwana yana zuba ya wuni. Chizuru ta tsaya a ƙofa tana kallona ina naɗe littafin a leda, ledar a tawul, tawul ɗin a wata ledar.

"Baban Shiori, ranar da muka ɗauko Shiori daga asibiti ba ka naɗe ta haka ba."

"Ita ai ba ta tsoron laima."

"Ka gai da saurayin naka."

Na tarar da Kishigami ya riga ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire hular, ya ajiye ta a gwiwa. Na lura sai da ya lalubi hannun kofin kafin ya kama shi. Muka sa safar hannu, muka yi wa littafin ɗamara, amma a wannan karon ni na daidaita bakinta, shi ya riƙe kawai. Ruwa yana gangarowa a gilashin taga, inuwarsa tana bi ta kan teburin, har kogin da ke jikin takardar ya zama kamar yana tafiya. Na ji ƙarar filafili a wani wuri, ko kuwa cokalin Mama ne a cikin tukunya.

"Sun tashi?" ya tambaya.

"Su wa?"

"Ƙwarin mana. Ni yanzu shuɗi kawai nake gani, da wani abu kamar an watsa gishiri."

Sai ya faɗa mini. Idon ya ƙi gyaruwa. 'Yarsa da ke aure a garin Tottori ta ce ya tattara ya koma wurinta kafin sanyi, ta ware masa ɗaki, ta kuma ce kwali ɗaya za ta ɗauka na takardu, ɗaya tak. Ya riga ya kira dillali ya kwashe kantocinsa. Ya ce gidan yanzu in ya yi tari sai ya ji an amsa masa.

Ya zare ɗamarar daga jikin littafin a hankali, ya kwantar da ita a kan kwalinta, ya turo ta gabana da yatsu biyu.

"Riƙe, Nukata-kun. Ka ci."

Zuciyata ta yi wani tsalle irin wanda ɗan mutumin allo bai taɓa yi mini ba. Amma ni ɗan gari ne, uwa ta haife ni. Ba a karɓar kyauta a tayin farko. Wanda ya yi haka, har jikokinsa za a riƙa nunawa. Ka ƙi, a sake yi maka tayi, ka sake ƙi da 'yar murya, a na uku ka karɓa kamar an ɗora maka kaya. Na tura ta baya.

"Haba, Kishigami-san. Ina ni ina wannan? Ba zan iya ba."

"Kai, daina. Miyanka yana ɗiga a tebur."

"Gumi ne. Damina ce."

Ya sake turowa. "Takarda ce kawai. In na tafi da ita can, surukina zai kunna murhu da ita. Mutumin kirki ne, amma jarida kaɗai ya sani."

"Abin da ka adana shekara da shekaru? A'a. Ya fi ƙarfina." Na mayar, amma a wannan karon ban kai ta tsakiyar tebur ba ma. Hannuna ya san lissafinsa.

Saura ɗaya. Na riga na jera godiyata a baki, na zaɓi irin rusunawar da zan yi, har na hango gurbin da ke kantata da littafin tsaye a ciki cikin suturarsa. Ya ɗora yatsunsa a kan kwalin. Daidai nan Mama ta zo ƙara mana ruwan sanyi, ta dubi takardar, ta dube mu.

"Af, an daidaita ke nan? To madalla. Baɗi sai in ba wa wasu teburin nan. Akwai masu zuwa su sha kofi uku, ba ɗaya ba."

Ta wuce abinta. Kishigami ya turo ɗamarar karo na uku, ta zo ta tsaya a gefen hannuna.

Na zauna ina kallonta. Na ga littafin a kantata, cikakke, a cikin leda, babu abin da ya rage a yi masa. Na ga ranar bikin taurari ta baɗi: na tashi, na sha shayi, na duba littafin, yana nan yadda na bar shi jiya. Babu wanda zai ce mini na yi sauri a kwanar hasumiya. Babu wanda zai kira ni kun, ni da furfura ta cinye mini gefen kai. A kamfani ana gaishe ni, a gida ana haƙuri da ni, amma mutum ɗaya ne a duk faɗin ƙasar nan da ya san abin da ke cikin ledar da ke cikin tawul ɗin, kuma ya damu har ya zage ni a kansa. In na ɗauki takardar nan, na gama da shi, cikin ladabi, da godiya.

Ban yi wani dogon tunani ba. Ba na so a ɗauka ni mai zurfin ciki ne. Hannuna ne ya tafi da kansa. Na sa tafin hannu a kan littafin Hotaru na tura shi gabansa.

"Kai ya kamata ka riƙe. Ka haɗa su ka tafi da su."

Ya ɗago kai. "Me kake yi?"

"Kyauta."

"Ba haka ake yi ba! Ni na fara. Na yi uku, yanzu karɓa za ka yi."

"Ai ban ce na ƙi ba. Tawa nake yi."

"Ba a kyauta a cikin kyauta, kai ɗan murfin kwalba! Wa ya rene ka?" Ya turo littafin baya da ƙarfi har cokali ya yi ƙara. "Ba zan iya karɓa ba. Ya fi ƙarfina."

"Ɗaya ke nan," na ce, na sake turawa.

Ya gane ya taka tarkon da shi ma aka rene shi a ciki. Wani mutum a teburin gefe ya sauke jaridarsa yana kallon tsofaffi biyu da fararen safar hannu suna tura wa juna kaya suna rusunawa, goshi na neman gwabza goshi.

"Nukata-kun, kar ka mai da ni abin dariya. Littafin nan ranka ne. Mayar."

"Biyu."

"Mama! Zo ki ga yaron nan."

"Ni ba ruwana," ta amsa daga bayan kanta. "Kar dai ku zubar mini da ruwa a kan dukiyar ƙasa."

Na tura na ukun. Littafin ya tsaya a gefen hannunsa kamar yadda ɗamarar ta tsaya a gefen nawa. Sannan na ɗauki kwalin da hannu biyu, na ɗaga shi daidai goshi, na rusuna.

"Na karɓa. Na gode ƙwarai, ban cancanta ba." Na sa shi a jakata na ja zif. "Saura kai."

Ya cire safar hannu ɗaya, abin da dokarmu ta hana, ya shafa bangon da yatsa tsirara, daga talabijin ɗin zuwa baƙin da ke ƙasa.

"Wawa," ya ce a hankali. "Yanzu kai kana da wando ba mutum, ni ina da mutum ba wando. Ina aka ci gaba?"

"Ba a ci ba."

"Me zan yi da littafi da idanun nan?"

"Ka ajiye shi inda laima ba ta kai. Mai karanta maka zai zo."

"Tottori da nisa."

"Akwai jirgi."

"Ban da yashi babu komai a garin."

"Ai ba garin zan zo gani ba. Littafina zan zo dubawa, in ga ko ka kula da shi."

"Littafina," ya gyara mini. Ya jawo shi jikinsa. "Kuma in ka zo, ka zo da ɗamarata a bushe."

"Ɗamarata."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya sa hularsa, ya ce in ba shi tawul ɗin da ledojin duka, tunda ni yanzu ba ni da abin naɗewa. Na raka shi har tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ina riƙe masa laima, shi ya rungume ƙunshin da hannu biyu, yana taka matakala ɗaya ɗaya, yana faɗa mini cewa karatuna ya lalace bana, in gyara kafin baɗi.

Da na isa gida da yamma Chizuru tana yanka albasa. Ta dubi jakata da ta lafe kamar cikin mayunwaci.

"Ina jaririn?"

Na buɗe kwalin na nuna mata. Ta goge hannu, ta sunkuya ta duba da kyau, ta ɗago.

"Tsaya in gane. Ka fita da littafi mai kaurin bulo, ka dawo da tsirin takarda."

"Ita ce abin da nake nema tuntuni."

"To ka samu. Ya kake ji?"

"Kamar an cire mini haƙori an ba ni a hannu."

Na shiga ɗakin littattafai. Gurbin Hotaru yana nan a buɗe tsakanin maƙwabtansa. Ɗamarar ta riƙe lanƙwasarta ta shekaru, don haka da na tsayar da ita a gurbin sai ta tsaya da kanta, ta rungumi iska daidai kaurin littafin da babu. Kogin yana gudana a gindin kanta, ƙwarin suna tashi daga ruwan, suna kaiwa bakin takardar, suna shiga inda ba komai. Na ja kujera na zauna. Ruwa bai tsaya ba a waje. Can sai na ga ciyawar ta soma fitowa a sama da kogin, sannan talabijin ɗin, sannan 'yar koriyar fitila.

"Baban Shiori," Chizuru ta kira daga kicin. "Can Tottori ɗin, akwai wurin wankan ruwan zafi?"

"An ce akwai."

"To baɗi ka sayi tikiti biyu. Ku yi ta sa wa littafi wando, ni ina cikin ruwa."